Ranar da Goggo Ta Sake Ganin Datti

Goggona wankau take yi tun ina yarinya, har yanar ido ta hana ta gani ta ajiye sana'ar. Da aka yi mata aiki a asibiti, gidana na kawo ta. Na share ko'ina, na goge, ina jiran yabo.

Tana shiga falo ta tsaya gaban labule, ta kamo bakinsa ta ƙura masa ido.

"Wannan yaushe rabonsa da ruwa?"

Raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan mayar mata, sai na ga dariya take yi, har da hawaye.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "'Yar nan, datti nake gani. Kawo sabulu."

Likita ya hana ta sunkuyo, don haka kujera na ajiye mata a bakin famfo. Ina cuɗa labulen, tana nuna mini tabo ɗaya bayan ɗaya, tana murna da kowanne. Can ɗankwalina ya zame. Ta kama haɓata, ta juya fuskata wajen haske.

"Ashe kin yi furfura," ta ce. "Kar ki rufe. Ban gama kallo ba."