Ranar da Na Zama Mai Ladabi

Karatuna a firamare ya tsaya, amma lamba ba ta gagara ta. Duk layinmu na 'yan atamfa a Fagge an san haka, don ni da kaina nake faɗa musu. Ciniki kuwa yanzu a manhajar hira ta waya muke yin sa. Ni ba ruwana da rubutu, in danna in yi magana in saki. Akwai guruf na kwastomomina, daga Zariya har Damagaram. Mutum bai taɓa zanen ba, bai ga shagon ba, zai turo kuɗi don dai ni na ce. In sunan nan ya lalace, sai dai in yi matashin kai da atamfar.

Wata Talata da hantsi wani ya kira ni, muryarsa kamar mai karanta labarai.

"Baba Alhaji, daga ƙungiyar 'yan kasuwa ne. Za a yi taro ta waya, an sa ka cikin dattawa. Wata lamba za ta shigo maka yanzu, karanto mini."

Cikin dattawa! Na gyara hula, na ɗora tabarau, na karanta masa dalla-dalla, har da maimaici don kada ya yi kuskure. Akwai wani Turanci a ƙasan saƙon. Daga baya aka ce mini gargaɗi ne kada a ba kowa lambar.

Ban gama shan kunu ba manhajar ta kore ni waje. Sai ga maƙwabciyata, Bayarabiya mai leshi, ta shigo da wayarta a hannu.

"Alhaji, yaushe ka koyi rubutu?"

Na duba. Hotona ne, da hular Sallah. A ƙarƙashinsa wai ni ne nake cewa sabon kaya ya sauka da rangwame, mai so ya yi maza ya tura kuɗi wani asusu da ban taɓa jin sunansa ba. Na zauna a kan dilar atamfa. Ina zaune a shagona da raina, wani yana yawo da fuskata cikin aljihun mutane.

Na faɗa adaidaita sahu sai Sabon Gari, wajen wani Ibo mai gyaran waya, haifaffen Kano. Ya juya wayar, ya miƙo mini.

"Baba, lafiyarta ƙalau. Makulli ka miƙa wa ɓarawo, shi kuma ya ƙara nasa kwaɗon. Sai an yi kwanaki kafin mu karɓo. Yanzu kira mutanenka, ɗaya bayan ɗaya."

A bencinsa na zauna ina kira, yatsana yana tsallake lamba. Wannan a kashe, wannan ba a ɗauka. Wata Hajiya ta Kwaciri ta ce, "Ai yanzu muka gama magana da kai, ga ni ma a wajen mai POS zan tura kuɗin." Na yi mata ihu har masu wucewa suka tsaya. Mutum ɗaya ke nan. Sauran fa? Salati ma a gutsure yake fita.

Sai wayar ta yi ƙara. Wani tsohon kwastomana ne, Bazazzage. Tun muna da baƙin gashi ban taɓa gaishe shi ba sai da tsiya, kamar yadda Bakano ya gada. Bawana nake ce masa, shi ya ce mini sarkin kwaɗayi.

"Kai, Bakano, mutuwa za ka yi?"

"Ban sani ba tukuna. Me ya faru?"

"An rubuto mini 'ranka ya daɗe, Alhaji' da hotonka. Har da 'don Allah'. Na ce ko dai ciwon ajali ne ya kama ka, ko ɓarawo ne."

"Ɓarawo ne, bawana! Kar ka tura!"

"Alhamdu lillahi, yanzu na ji muryar ubangidan ƙarya."

Nan take ya saki murya a guruf ɗin. Wani kwastoman mai gyara yana cikin guruf ɗin, shi ya turo mana muka ji. Cewa yake, jama'a kowa ya riƙe kuɗinsa, wannan mai ladabin ba mutuminmu ba ne, namu tun da Allah Ya yi shi bai taɓa cewa don Allah ba. Aka yi ta turo dariya, wasu na ƙara shaida. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba, hawaye har gemu.

Da aka karɓo mini manhajar, Ibon ya sa mini kwaɗo na biyu, lambar da ko uwargida ban faɗa wa ba. Na yi wa guruf doka: duk saƙon kuɗi a kira ni a ji muryata, in kuma ba a ji tsokana a ciki ba, a kashe.

Ba wanda ya zo ya ce na cuce shi, ciniki ya ci gaba. Amma har yau in baƙuwar lamba ta kira, aka fara da "Baba Alhaji" cikin taushi, ba na yarda in karanta komai. Sai in cire tabarau in sa a aljihu, sannan in ce wane ne.