A-kori-kurar Baba

Na haura shekara arba'in, da aurena da 'ya'yana da aikina na malamin gona a Gaya, sannan na fara wasa da mota. Haka mahaifina yake faɗa. Na nemi wani bayani da ya fi nasa mutunci ban samu gajere ba, sai na bar shi a haka.

A Kano abin ya faro, wajen wani mai kayan gwanjo. Na je neman takalman makaranta na yara, na hangi wani kwali da hoton mota a jikinsa. Da na buɗe babu mota, sai ɓangarori na roba a maƙale jikin wasu siraran sanduna kamar ƙayar kifi. Tayoyi daban, ƙofofi daban, sitiyari bai kai ƙwayar wake ba. Mai kayan ya ce a hanya ta wargaje, in haɗa da takalman in tafi. Sai da na zo gida na warware takardar da ke ciki na gane ba wargajewa ta yi ba, ba a taɓa haɗa ta ba ne. Wato akwai mutanen da ke ƙera mota, su ƙi haɗawa, su sayar wa wani wahalar. Na haɗa ta. Ta fito a karkace, gam ya cinye rabin gilashin gaba, ni kuma na kamu.

Kayan aikina ba su da yawa: reza, abin yanke farce, tsinken sakace, samfefa mai laushi, da hantsakin da matata take nema har yau. Fenti da sababbin kwalaye ta waya nake saye, wani abokina a Kano ya karɓa ya ba direba, ni kuma in je tasha in ɗauko. Na koyi abubuwan da babu su a takardar. Ƙuda ya fi son ɗanyen fenti a kan nama, dole in an fenta a kife kwando. Motar da aka bari a bakin taga da bazara rufinta lotsawa yake yi, kuma ba ya dawowa. Matata ta kwashe kwanukanta daga hawa ɗaya na kabad ɗinta mai gilashi ta ba ni, da sharaɗin ba zan wuce nan ba. Yanzu hawa biyu nake da su, maganar na uku tana gaban shari'a.

Duk gidan an saba da ni, ban da Baba. Shi direba ne na gaske. Shekara da shekaru ya yi yana jan a-kori-kura tsakanin Gaya da kasuwannin Kademi da Toranke da Ajingi, hatsi a ƙasa, mutane a kan hatsi, awaki a kan mutane. Da ita ya ciyar da mu har ta gaji, 'yan gwangwan suka zo suka yanka ta suka tafi da ita. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa yaba mini a gaban idona ba. Wannan kunya ce ta iyaye, kowa ya san da ita. Amma kunyar ba ta hana shi zolaya.

Ranar da ya fara ganin kabad ɗin ya tsaya hannu a baya, ya nuna wata jar mota da haɓa.

"Tana da inji?"

"Tana da shi, Baba. Ga shi nan, har da fanka."

"Yana tashi?"

"Ba ya tashi."

"To," ya ce. "Mun ja irinta."

Daga nan in baƙo ya yi sallama ya tambaye ni, Baba daga kan tabarmarsa zai ce, "Yana gareji." Baƙon ya yi ta waige yana neman gareji a gidan da ko babur sai an ɗaga shi yake shiga.

Ina dariya tare da kowa, amma abin yana ci mini rai. Ba yabo nake nema ba, na san ba zan samu ba. Abin da nake so shi ne sau ɗaya ya ɗauki aikina a hannunsa ya dube shi yadda yake duban mota, da wannan tamke fuskar da yake yi in an kawo masa wata ya gani kafin a saya. Ga shi yanar ido ta fara rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ba ƙarfi. Na san in ban yi sauri ba, ko na kawo ba zai gani ba.

Ana nan sai na ci karo da kwalin a-kori-kura a waya, tsohuwar ƙira, irin tasa sak. Da ta iso ban nuna wa kowa ba. Na yanke cewa motar Baba zan haɗa, ba wata mota mai kama da ita ba.

Masu wannan sana'a suna da wani mataki da suke ji da shi. Haɗa mota ta fito tana ƙyalli aikin ɗan koyo ne. Gwaninta ita ce ka tsufar da ita, ka sa mata tsatsa da laka da lotsawa har mai kallo ya rantse ta yi hanya. Na daɗe ina kallon yadda ake yi a waya, ga kuma mota ta samu wadda na san tsufanta ciki da waje.

Na fara da shuɗin fenti, na surka shi da fari har ya koma shuɗin da rana ta sha. Kejin baya na yi shi da waya, tamfol da ƙyallen tsohuwar lema. Tsatsa kuwa ban yarda da ta kwalba ba. Tsohuwar garma na kankare, na kwaɓa garin da gam da ruwa, na bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da tsinke. Da aiki ya kai ni Toranke na tsaya a hanya na ɗebi ƙasa a leda, wani manomi yana kallona, na ce masa gwaji za a yi. Ban yi ƙarya ba. Na tace ta da matacin shayi na shafa a ƙarƙashin motar. Na gasa allura na lotsa gefen hagu inda wani sa ya taɓa tunkuya. Fitila ɗaya na dusashe ta. Ƙofar fasinja kuma, wadda makullinta ya mutu tun ina firamare, na ɗaure ta da zare mai kauri, ƙulli biyu, yadda igiyar da Baba yake ɗaure ta da ita take.

Da na gama na ajiye ta a kan tebur na ja baya, sai na ji warin man fetur da na awaki, alhali babu ko ɗaya a ɗakin. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

Matata ta leƙo ta daɗe tana kallo.

"Malam, wannan za ka kai wa Baba?"

"Ita."

"Haka, da dattinta?"

Na yi mata bayanin cewa dattin shi ne aikin. Ta saurara har na gama, irin sauraron da ake yi wa mara lafiya.

"To ka rufe ta da wani abu," ta ce. "Akwai mutane a wajensa."

Na sa ta a kwali na yafa hankici, ba don na yarda da ita ba, don ƙura.

Bayan la'asar ne. Baba yana ƙofar gida a inuwar darbejiya da tsofaffin abokansa biyu, ɗaya tsohon direba irinsa, ɗaya ɗan kasuwar hatsi da ya sha hawa motar. Ni a lissafina wannan shi ne daidai, ga shaidu. Na durƙusa na gaishe su, na ajiye kwalin a gabansa.

"Daga gareji?" ya ce. Abokan suka yi dariya.

Ya ɗaga gefen hankicin ya kai ido mai gani kusa. Bai daɗe ba. Ya mayar da hankicin, ya gyara shi ta kowane gefe, ya tura kwalin bayansa, ya ci gaba da maganar takin zamani daga inda ya tsaya. Tsohon direban ya ce a nuna musu mana. Baba ya ce kayan yara ne. Na zauna a gefen tabarma kunnuwana suna zafi, na ji duk abin da ke damun takin zamani a ƙasar nan, ni da nake malamin gona ba a tambaye ni ba.

Sai da suka tashi suka yi nisa ya jawo kwalin. Ya fito da motar da hannu biyu, ya tamke fuska. Ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya bi kejin da yatsa. Ya tsaya a lotsawar hagu ya ce, "San nan da ya tunkuye ta." Ya shafa tsatsar ya dubi yatsansa.

"Duk Juma'a nake wanke ta," ya ce.

"Na sani, Baba."

"Ba a taɓa cewa motata ƙazama ce ba. Ka tambaya a tasha."

Sai a lokacin na fahimci abin da na ɗauko na ajiye a gaban abokansa. Ni mota na ga na haɗa. Shi kuwa shekarun da ya yi yana rufa wa kansa da mu asiri ya gani, an fito da su fili, an bi su da tsinke ɗaya bayan ɗaya.

Farcensa ya kai kan zaren ƙofar. Nan ya daɗe.

"Wannan igiyar," ya ce, "ta ciki nake ɗaurawa. Da gangan. Na waje ba ya ganinta. Wa ya gaya maka?"

"Babu wanda ya gaya mini, Baba. Ni nake zama a jikin ƙofar. In an shiga gargada ni nake riƙe ƙullin."

Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yi. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

"Haka ne," ya ce. "Kai kana ciki."

Aka fara kiran magariba. Na miƙa hannu zan karɓa, na ce zan wanke ta in sake mata fenti ta dawo sabuwa, aikin ba shi da wuya. Bai ba ni ba. Ya tashi da kyar ya shiga ɗakinsa, ina biye. Ya ture rediyonsa gefe a kan ɗan teburin da ke kusa da gado, ya ajiye ta a wurin, ya ja baya ya duba.

"Kada ka taɓa mata komai," ya ce. "Amma zo ka juya ta. Wannan ƙofar ta kalli bango."