Tabarmar Ɓarar Gyaɗa ta Gwaggo Zulai

Ranar Larabar nan Gwaggo Zulai ta cika shekara bakwai da rasuwa. Tsofaffin mazauna Sabon Gari a Maraɗi ba za su manta da ita ba: yayar mahaifina ce, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mafaɗaciya ta gidan gaba, wadda ko ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba ta taɓa takawa ba. Kowace shekara sadakar waina nake yi, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana na kasa, domin wata yarinya da ke ajina ta sa kullum sai Gwaggo ta faɗo mini a rai.

Ina da shekara takwas ruwan gulbi ya tafi da mahaifiyata a gabana, muna dawowa daga gona a Jiratawa. Daga ranar bakina ya rufe. Dangi suka yi abin da suka gada: aka hana ambaton sunanta a inda nake, aka kwashe kayanta daga ɗaki, duk wanda na zuba wa ido sai ya ce ai ta yi tafiya. An ba ni rubutu na sha, an kai ni Tsibiri wurin masu bori an yi mini turare. Babu wanda ya yi da mugunta, so suke in manta. Da abin ya ƙi, sai mahaifina ya ɗauko ni ya kawo wa yayarsa.

Gwaggo ba ta tambaye ni komai ba. Da hantsi takan shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedi, ta zube gyaɗa, ta ajiye ƙwarya biyu, ta nuna mini gefenta. Gefenta, ba gabanta ba. Mukan zauna kafaɗa da kafaɗa, duka muna kallon bango, hannu na aiki. Ita ke ta surutu: tsadar itace, akuyar maƙwabta, ciwon gwiwarta. In maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Har yanzu ba ta magana?" sai Gwaggo ta ce, "Magana kika kawo ta saya? Zamna ki ɓare ko ki tahi."

Mun fi wata biyu a haka. Wata rana, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Uwarki Rabi hwa ba ta iya aikin ga ba. In ta ɓare goma, bakwai cikinta suka nuhwa." Rabon da in ji sunan nan tun ranar gulbi. Sai na ce, "Ƙarya ne." Gwaggo ba ta yi guɗa ba, ba ta kira kowa ba. Ta ce, "To, hwaɗa mani gaskiyar," ta ci gaba da ɓara. Na yi kukan da ban yi a gidan makoki ba, kaina a kan cinyarta, zanenta na ƙamshin man gyaɗa.

Ba ni kaɗai ta yi wa haka ba. Da na girma na lura tabarmar ba ta rabo da baƙo: yarinyar da gidansu ya ƙone, wadda ubanta ke dukan uwarta, wadda ke firgita in an ɗaga murya. Ko da injin ɓarar gyaɗa ya zo unguwa, Gwaggo takan ware tiya biyu ta hana a kai. Mutane suka ce taurin kai ne irin na tsofaffi, ni ma na ce haka.

Yanzu malamar lakwal ce ni a Tsibiri, kullum mai babur, ɗan kabu-kabu, ke kai ni ya dawo da ni. Farkon shekarar karatun nan aka kawo mini Nafisa, 'yar shekara tara. 'Yan bindiga sun kashe mahaifinta a ƙauyensu na bakin iyaka tana kallo, uwarta ta gudo da ita gidan wanta. Nafisa na zuwa aji, tana rubutu, amma ba ta cewa uffan. Kawunta ya same ni ya ce, "Madam, in an yi hutu ba ta buɗe baki ba, cire ta zan yi. Mi ne amfanin karatun kurma?" Na san abin da hakan ke nufi: za ta koma ƙuryar ɗaki, shirun ya zauna mata har girma.

To, ni da aka taɓa yi wa magani, ni na fara yin kwaɓa. An taɓa tara mu taron horo a kan yaran da suka ga tashin hankali, na dawo da takardu ina jin na zama likita. A takardun an ce a bi yaro a hankali, kada a matsa masa. Ni kuwa hutu nake hange. Na zaunar da Nafisa a gaban teburina, ido cikin ido, na ce ta gaya mini abin da ya faru. Ta sulale ta shige ƙarƙashin benci. Da Gwaggo na raye, da na sha zagin da sai na nemi wurin ɓuya.

Sai na tuna da tabarma. Na sayi gyaɗa, lokacin da yara suka fita shan iska na shimfiɗa a bayan aji, na zauna ina surutuna. Sati na biyu ta zo ta zauna a gefena. Sati na uku gaggawa ta sake cina. Na ce, "An ce mini babanki bai iya noma ba." Ta ajiye gyaɗar ta tashi, kwana huɗu ba ta zo lakwal ba. A kan kabu-kabu ina komawa gida na gane kurena, kuma na ji kunya ƙwarai. Gwaggo ta san Rabi, sun ci tuwo kwano ɗaya, sun yi faɗa sun shirya, tana da ikon tsokanarta. Ni ban taɓa ganin mutumin nan ba.

Na je gidan na ba uwarta, Hawwa, haƙuri, na roƙe ta ta riƙa zuwa tabarmar. Ta ce an gargaɗe ta kada ta tayar wa yarinya da zancen, ita kanta ba ta yi maganarsa da kowa ba tun zuwansu. Na ce ba sai ta ce komai ba, ta zo dai ta ɓare. Ta zo, Nafisa ta biyo ta. Wasu uwaye biyu da suka ji labari suka fara zuwa da tasu gyaɗar da nasu 'ya'yan, har direktan lakwal ya ba mu inuwar da ta fi girma.

Saura kwana shida a yi hutu, muna zaune mu uku a jere, Hawwa ta juya wata gyaɗa a hannu ta ce, kamar da kanta take magana, "Baban ɗiyag ga in za shi gona sai ya cika aljihun dama da ita." Sai na ji wata 'yar murya a tsakaninmu, a dishe: "Na hagu, Inna. Na dama ya huje."

Ban yi guɗa ba. Na ci gaba da ɓara, Hawwa ta jawo 'yarta jikinta. Har yau Nafisa ba ta amsa tambaya a aji, amma tana gaishe ni, kuma kawunta ya ce a bar ta ta ƙarasa shekara.

Nakan tambayi kaina me Gwaggo za ta ce da ta ga zamanin nan, da ake tara malamai a koya musu abin da take yi a gindin bedi. Ina jin za ta yi tsaki ta ce an mayar da zama da yaro karatu, amma a ranta za ta ji daɗi. Gidanta an sayar, an sare bedin, sana'ar ma babu wanda ya gada. Abin da ya rage shi ne mata uku da ke zama a jere bayan wani aji a Tsibiri, ba su taɓa ganinta ba, amma sun san ba a zaunar da yaro a gaba. Allah ya jiƙan Gwaggo Zulai, ya sa ta huta. Ya jiƙan mahaifiyata Rabi, wadda, tun da yau gaskiya nake faɗa, bakwai ɗin nan cikinta suke nufa.