Akwatin Wasan da Baba Ya Kasa Gyarawa

Shekarar da aka kawo kakata Iya birnin Alkahira aikin ido, ina ajin firamare, muna zaune a wani ɗan matsattsen gida a saman bene a unguwar Hadayek el-Ma'adi. An yi mata ido ɗaya lafiya, likita ya ce sai ya warke sarai kafin a taɓa ɗayan, saboda haka ta yi sanyin shekarar a wurinmu. Iya ta ce garin da ba a hura wuta a tsakar gida ba gari ba ne. Mu kuwa ko tsakar gidan ba mu da shi. Umma ta kunna mata hita mai jajayen sanduna, wadda Misirawa ke kira daffaya. Iya ta ƙare mata kallo da sabon idonta, ta ce wannan wuta ba ta da tarbiyya, ba hayaƙi ba toka, sannan ta miƙa mata ƙafafu. A nan muke zama ni da ƙanena Nura bayan magariba, tana yi mana tatsuniya.

Baba ɗan farin Iya ne, kuma Iya irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa, ba ta zama inda yake zaune. Tun da aka yaye shi aka ba gwaggonsa, a can ya girma. Mu ne 'yan aike. Yana tsaye a gabanta da ledar lemo za ta juyo wurina ta ce, "Ƙawalli, gaya wa mai gidan nan an gode." Shi kuma ya ce, "Ki ce mata ba komai." Idan ya shigo falo tana tsakiyar tatsuniya, sai ta ja mayafi ta yi gum, shi kuma ya wuce ɗaki kamar wanda ya zo ɗaukar wani abu. Baba bai taɓa jin tatsuniyar mahaifiyarsa ba, mu kuma a lokacin ko a jikinmu.

Karatu ya kawo Baba Masar, amma gyaran talabijin ya riƙe shi. Wata rana wani mai shagon gahawa a Ma'adi, Ammu Magdi, ya aiko masa da wani tsohon akwatin wasa, irin wanda ake tsayawa a gabansa ana danna maɓalli ana harbin duwatsu a sararin sama. Ya fi Umma tsayi. Sai da bawwab, wato mai gadin gininmu, ya nemo ƙarti suka hau da shi suna nishi suna kiran sunayen Allah. Aka gwada ƙofar kowane ɗaki ya ƙi shiga, dole aka jingine shi a falo, daura da tabarmar Iya.

Gilashinsa ba irin na talabijin ba ne. Ɗigon haske guda ɗaya ne tak yake gudu yana zana layuka, jirgi da duwatsu da rubutu duka, da saurin da ido ba ya kamawa. Ƙwaƙwalwar akwatin ta asali ta mutu tuni, kuma ba a ƙera irinta. Aikin Baba shi ne ya sa wata ƙaramar kwamfuta da za ta riƙa kwaikwayon tsohuwar, ya haɗa ta da wani ɗan allo mai gaya wa ɗigon hasken inda zai bi. Allon yana ajiye a waje kan farantin shayin Umma, da wayoyi sun shige cikin akwatin, a jikinsa kuma akwai wasu mitsi-mitsin makunnai a jere kamar haƙoran mataji. Ɗaya na juya hoto sama da ƙasa, ɗaya dama da hagu, sauran Baba kaɗai ya san aikinsu. Ya ja mana kunne cewa idan ɗigon nan ya tsaya cak a tsakiya yana haske, zai ƙone gilashin, kuma a duk faɗin Masar ba a samun wani.

Da rana Baba yana shago, saboda haka sai bayan magariba yake taɓa akwatin. Ranar farko ya ja kujera ya shige bayansa, ya cusa kai ciki. Muka zuba wa Iya ido mu ga ko za ta tashi. Ta yi ɗan nazari, ta yanke hukunci: "Mutumin da kansa ke cikin akwati ba ya cikin ɗaki." Ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ta taso daga Kazaure, ba fasfo ba biza." Muka amsa yadda ta koya mana, "Ta shigo, bawwab ya yi barci."

Tatsuniyar ta wata mata ce da ta hura wutarta ta farko a ɗakin aurenta. Garwashin farko bai gama ja ba maƙwabciya ta zo ɗibar wuta, ta tafi da shi a tsingaro. A garin nan abin kunya ne mace ta bi sawun garwashinta. To amma ranta na can. Sai ta riƙa ɗaukar kazarta ta cusa a ƙarƙashin mayafi, ta je ƙofar maƙwabciyar ta tsaya tana cewa, "Ko kun ga kazata?" alhali idonta na kan murhu. Kaza ta yi kuka, ita kuma ta yi tari ta rufe. Washegari kaza ta saki ƙwai ya gangaro gabanta, ta kalli sama ta ce ikon Allah, ƙanƙara ake yi. Mai unguwa ya sa aka yi shela, samari suka bazama daji neman kaza, kazar kuwa sai ƙiba take yi har matar ta fara tafiya a karkace.

"Iya, to me ya sa ba za ta ce wutarta ta zo gani ba?" in ji Nura.

"Angona, kai ɗan Masar ne, ba ka san komai ba. Yi shiru."

Daga cikin akwatin muka ji wata irin ƙara, rabi dariya rabi shaƙewa. Baba ya ce ƙura ce ta shige masa hanci.

Tatsuniyar ba ta ƙare a ranar ba, haka ma gyaran. Kullum kaza da sabuwar fitina, kullum akwati da sabon ciwo. Masu wannan aiki suna jingine madubi a gaban gilashi don su ga hoton daga baya yayin da suke murɗa saiti, Baba ma ya ɗauko madubin Umma ya ɗora a kan kujera. Wata rana na kai masa shayi na leƙa daga inda yake zaune. Babu gilashin akwati a madubin ko kaɗan. Iya ce a ciki, tana karkace kafaɗa tana kwaikwayon tafiyar mai kaza. Na kuma lura cewa idan zai tashi, yakan zare wata waya mai ruwan ɗorawa ya bar ta tana lilo, sannan ya yi tsaki da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Abin da Baba bai sani ba, ba shi kaɗai ke aiki a kan akwatin ba. Da hantsi, idan ya fita, Umma na kicin, Iya takan matso kusa da farantin da tsinken kitso a hannu. Matar da wata guda baya ba ta bambance ni da labule, yanzu ga ta tana tura makunnan nan ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje. Da ta ga na gan ta, ta ce, "Datti nake cire masa. Ƙawalli, bakinki." Ta ba ni dabino.

Nan fa Baba ya shiga uku da gaske. Ya bar ciwo ɗaya, ya dawo ya tarar da uku. Yau jirgi ya fito kai a ƙasa, gobe duwatsun duka sun cure a kusurwa ɗaya kamar tumaki a ruwan sama. Ya zargi kwamfutar, ya goge komai ya sake zubawa. Ya zargi wutar gini. Har ya fara tambayar Umma, cikin wasa amma ba wasa sosai ba, ko shagon gahawar nan a kan tsohuwar maƙabarta aka gina shi. Ammu Magdi ya gaji da jin "bukra in sha Allah", wato sai gobe, a waya, ya zo da kansa. Aka kunna masa, rubutun Turancin ya fito a juye, daga dama zuwa hagu. Ya tafa hannu ya ce, "Ya bashmuhandis, babban injiniya, na kawo maka gyara, ka koya masa Larabci? Khalas, magana ta ƙare, Juma'a zan turo mota, ko ya gyaru ko bai gyaru ba."

Iya ba ta jin Larabci, amma ta ji Juma'a. Washegari ta yi wa makunnan aikin da ba ta taɓa yi ba, ta tura su duka gefe guda. Da magariba Baba ya mayar da wayarsa ya kunna. Ba jirgi, ba duwatsu. Ɗigo ɗaya ne fari fat a tsakiyar gilashi, ya tsaya cak. Ban taɓa ganin Baba ya yi tsalle ba sai ranar. Ya tsallake Nura, ya ture shayi, ya fizge waya daga bango har hitar Iya ta mutu tare. Ya duba gilashin da tocila, ya duba allon, ya daɗe a tsugune. Gilashin ya tsira. A kan farantin kuwa ga tsinken kitso.

Ya miƙe yana kallon silin ya ce mini, "Maryam, ki gaya wa duk mai taimaka mini da rana, don Allah ya bar na ƙarshen nan. Sauran duk na yafe."

Iya na kallon bango ta ce, "Ƙawalli, ki ce masa an ji. Ki kuma ce masa, wayar nan mai ruwan ɗorawa da ke zarewa da kanta kullum, a nema mata magani."

Umma ta ruga kicin, muna jin ta tana dariya cikin tawul. Baba ya koma bayan akwatin. Kafin a kira isha jirgi ya miƙe tsaye, duwatsu na yawo, rubutu ya koma hanyarsa, layukan nan sirara suna ƙyalli gwanin kyau. Ni da Nura muka yi ta harbi muna ihu. Mu kaɗai ne muka yi murna a gidan.

Ranar Juma'a ƙarti suka sauke akwatin. Da magariba ta yi, Baba ya shigo falo, ya kalli wurin da babu komai sai sawun ƙafafun akwati a kan leda, ya wuce ɗaki. Iya ta ce ga ta nan ta taso, muka amsa, sai ta tsaya. Ta gyara mayafi, ta ce hitar ta yi zafi, ta ce ta yi sanyi. Tausayinta ya kama ni, ban san me zan yi ba. Can ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba:

"Ƙawalli, gaya wa mai gidan nan fankar can ta lalace."

Fankar tsaye ce, an lulluɓe ta da tsohon zane a kusurwa tun shigowar sanyi, kuma lafiyarta ƙalau. Ban kai ga tashi ba Baba ya fito da jakar kayan aikinsa. Fanka ba ta ɓoye mutum. Ya zauna a ƙasa a fili, ya ba mu rabin baya, ya fara kwance ta a hankali, Iya kuma ta ci gaba daga inda kaza ta haɗiye ɗan kunnen matar. Kafin a yi mata ɗaya idon ta warke, ya kwance fankar falo da ta ɗakinmu da tasu, ƙusa-ƙusa.

A daren da Iya za ta tafi ne ta ƙarasa tatsuniyar. Ta ce matar ta je kamar kullum, ta buɗe baki za ta yi tambaya, sai maƙwabciyar ta ce, "Baiwar Allah, shigo ki ji ɗumi. Tun ranar farko muke ganin ƙafafun kazar." Baba bai shaƙe da dariya ba a wannan karon. Ya riƙe fiffiken fanka yana ta goge shi da tsumma, alhali tuni ya yi fes.

Na daɗe ina jin haushin wannan kunya. Ina ganin zalunci ne uwa da ɗa su zauna taku biyu tsakaninsu sai an nemo akwati an gitta. Har yau ban ce daidai ba ce. Ni nawa 'ya'yan sunansu nake kira gatsau, har da ta farin, in ce musu ina son su, su ce "tamam", wato "to", ido na kan waya. Amma ban taɓa shan wahalar zama kusa da wani irin wadda mutanen nan biyu suka sha ba, kuma wani lokaci ina kishinsu.

Zafi ya shigo a shekarar babu fanka ko ɗaya mai aiki a gidanmu. Baba ya haɗa biyu bayan Umma ta yi masa kwana uku tana mita. Ta falon kuwa ya ce wani ƙarfe ya ɓata, sai an samo. Haka ya yi ta zama a falon nan bayan magariba yana fifita da jarida, gumi na zuba, kuma ba wanda ya tambaye shi wane ƙarfe ne.