Wata Biyu Ina Ɗaukar Buta

Aikin madatsar ruwa ta Bakolori ne ya kawo mu Talata Mafara, ina 'yar shekara tara ko goma. Babanmu direban tifa ne. Tun da sassafe motar kamfani take kwashe su zuwa wajen Maradun, ba ya dawowa sai rana ta faɗi, jikinsa duk jar ƙasa. Mu Hausawa ne daga wani ƙauye a wajen Malumfashi, kuma 'yan Katolika tun daga kan kakanninmu. A Mafara wannan abin mamaki ne. In aka ji Hausarmu, aka kuma gan mu ranar Lahadi mun nufi 'yar cocin kwano da leburorin dam suke taruwa, sai a bi mu da kallo. Amma ban taɓa jin wanda ya zage mu ba.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta ƙi a bar ta a ƙauye. Ɗaki biyu muka kama a wani gidan haya, ita da mu yara a ɗaya. Lokacin sanyi, in an sauke tuwo, ba ta yarda a kashe murhu. Sai ta tura kara biyu uku a ciki, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, mu kewaye ta. Dokarta ɗaya ce: ba tatsuniya sai an gama Rosari, addu'ar carbi ta 'yan Katolika. Ita ke ja, mu muna amsawa, rabinmu ido na kan gyaɗar da ta binne a toka. Yaran maƙwabta, har da wasu da ruwan dam ya tashi ƙauyensu iyayensu suka dawo gari, sukan tsaya a bakin zaure suna jira. Da sun ji amin ta ƙarshe sai ka gan su sun shigo da gudu.

Kaka takan fara da cewa, "Ga wata baƙuwa nan tafe." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta 'yar zabuwa. Wata mata ce ta samo ƙwan zabi guda ɗaya, ta cusa shi cikin ƙwan kazarta, kamar yadda ake yi, tunda zabuwa ba ta iya kwanci a gida ba. Aka ƙyanƙyashe, 'yar zabuwa ta tashi cikin 'yan tsaki. Da ta fara wayo ta ga jikinta da zane-zane, na 'yan'uwanta babu, sai ta riƙa birgima a toka don ta ɓoye. Ta daina buɗe baki, don muryarta ba irin tasu ba ce. In magariba ta yi, zabin unguwa suka hau tsamiya suna kira, sai ta sunkuyar da kai ta kutsa akurki. Ta girma, akurki ya yi mata kaɗan, ba ta barci, ta rame.

A nan Kaka takan sauya murya ta yi ta kaza, ta tsuke baki. "Ke 'yar nan, zo. Wa kike ɓoye wa? Nawa ƙwan sati uku suka fashe. Ke sai da na ƙara sati guda a kanki, ƙafafuna har sun sage. Tun kina ƙwai na san ko ke wace ce. Hau itace ki kwana inda irinki suke kwana. Gari ya waye ki sauko mu yi kiwo tare."

'Yar zabuwa ba ta taɓa tashi sama ba. Ta yi tsalle ta faɗo, ta sake ta faɗo. Daren farko a reshen da ya fi kusa da ƙasa ta kwana, tana makyarkyata. Shi ke nan tatsuniyar. Kaka ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta," ta shiga tono gyaɗa.

Ni kuwa kuka na yi. Na ce kazar muguwa ce, ta kori 'yar da ta yi rainonta.

Kaka ta dube ni. "Wa ya ce miki korar ta aka yi? Ungo gyaɗa, sarkin tausayi." Ba ta ƙara bayani ba. Ba halinta ba ne.

Da na gama firamare na samu shiga kwalejin horon malamai ta 'yan mata, makarantar kwana, tafiyar rabin yini a mota. Ranar rajista akawu ya tambayi sunana, na ce Maryamu Audu. Ya ga ɗankwalina, ya ji Hausata, sai ya cike gurbin addini da kansa bai tambaye ni ba. Ina tsaye ina ganin abin da ya rubuta. Bayana layi ne na 'yan mata da iyayensu. Na ce a raina gobe zan dawo in gyara.

Ban koma ba. A ɗakin kwananmu mu goma sha shida ne, kowa ta ɗauke ni Musulma, kuma an karɓe ni hannu biyu. Akwai Kiristoci a makarantar, yawanci daga nesa suke, ba su jin Hausa sosai. 'Yan Katolika a cikinsu ba su fi shida ba, wata malama ke fita da su gari ranar Lahadi, amma sai wadda sunanta ke cikin takarda. Ta taga nake kallon fitarsu. Carbin Rosari da Kaka ta ba ni na cusa shi a safa, na kai ƙasan akwati.

In an kira salla kowa ta ɗauki buta, ni ma sai in ɗauka. In zagaya bayan ɗaki wurin shanya, in ɗan jima, in jiƙa fuska in dawo. Da farko ina yin addu'ata a zuci, cikin bargo. Sai ya zama barci na ɗauke ni a tsakiya. Daga baya ko farawa ba na yi. Wata Lahadi na gwada jero asiran Rosari a kaina, abubuwa biyar da ake ambata bi da bi ana jan carbi, na kai na uku na tsaya, na huɗu ya ɓace mini. Abin da nake amsawa tun ban iya ɗaura zane ba. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Mai gadon da ke saman nawa sunanta Luba, 'yar wani malamin zaure ce daga Bakura. Ta girme ni da shekara biyu, ba ta wasa da salla, kuma bakinta ba ya ajiye magana. Wata Asabar da hantsi muna wanki a bakin famfo, mu biyu kawai, ta ce, "Ke 'yar Katsina, ina da tambaya. Fashin sallar nan naki wane iri ne? Kowa nata kwana bakwai, naki ya shiga wata na biyu. Ko asibiti za mu kai ki?"

Na ce, "Ai a baya nake yi."

"Baya ina? Na bi ki shekaranjiya. Kin juye ma 'yar gwandar can ruwan buta, kin shafa saura ga fuska, kin tsaya kallon ƙadangaru. Gwanda dai ta gode, ta yi kore shar."

Na ci gaba da cuɗa rigar da ke hannuna har kumfa ya ƙare. Sannan na ce, "Yaya Luba, ni Kirista ce. 'Yar Katolika."

"Na sani."

Na ɗago.

"Tun satin da munka zo. In za ki ci tuwo sai kin taɓa goshi kin taɓa ƙirji da sauri, awa mai korar ƙuda. Yanzu ko shi kin bari. Ba shi nike tambaya ba. Ku ba ku da ibada ne?"

"Muna da ita."

"To yaushe kike yin ta?"

Ta matse zanenta ta jefa a bokiti.

"Ba ni ɓoye miki, ni da za ki musulunta da na fi kowa murna. Amma in kin tashi, ki shigo da gaskiya kowa na gani. Wanga abu da kike yi ba namu ba ne, ba naku ba ne. Kuma alwala ba abin wasa ba ce, ki bar ɗaukar muna buta." Sannan ta ce, "Miƙo min sabulu. Kukan mi kike yi kuma?"

Ranar Litinin ta raka ni har ƙofar ofis, ta tsaya a waje. Akawu ya ce, "To me ya hana ki faɗa tun ranar?" Ya ja layi a kan abin da ya rubuta, ya gyara, ya sa sunana a takardar masu fita Lahadi. Abin da na yi wata biyu ina tsoro bai ɗauki minti biyar ba.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. 'Yan mata biyu da muke cin abinci kwano ɗaya suka janye, ɗaya ba ta sake yi mini magana ba har muka gama. Wasu suka ce na yaudare su, kuma gaskiyarsu ce, na ba su haƙuri. Da magariba ɗaki ya watse kowa ta tafi masallaci, na ciro carbi daga safa na durƙusa a gefen gado. A ranar na gane ban taɓa jan Rosari da kaina ba, amsawa kawai na iya. Na yi ta tuntuɓe. Lahadi ta farko na je wurin Fada, limamin cocin, na furta zunubaina, na roƙi katikis, mai koyar da addini a cocin, ya ara mini littafin addu'a, na kwafe shi kaf a bayan littafin lissafina. Kafin in kai aji uku, ni ke karanta karatun farko da Hausa a coci, ni ke kuma zama da sababbin ɗalibai ina koya musu abin da na koya a makare. Luba kuwa, in Lahadi ta yi na nemi yin nauyin jiki, sai ta sako ƙafa daga sama ta zungure ni. "Tashi, malamarku na bakin ƙofa."

Koyarwa ba ta daɗe a hannuna ba, aure da yara suka ɗauke ni. Amma na sha zama ina tunanin kazar nan da na kira muguwa. Ina yarinya na ɗauka wanda yake son ka shi ne wanda zai bar ka ka lafe a inda ka ji ɗumi. Na kuma ɗauka in bangaskiyata za ta salwanta a kwaleji, wani ne zai ƙwace ta. Ba wanda ya taɓa ta. Ni ce na bar ta a ƙasan akwati don kada in ɓata wa kowa rai, kuma wadda ta ce in ɗauko ta ba 'yar cocinmu ba ce.

Da na je hutun farko na ba Kaka labarin duka, har da gwanda. Na zaci faɗa za ta yi. Tana tsinkar zogale, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ita yarinyar, me sunanta?"

Na ce, "Luba."

"'Yar wa?"

Na faɗa mata. Da yamma bayan Rosari, da ta zo jero waɗanda ake roƙa wa Allah, ta ambaci Baba da tifarsa, ta ambaci marasa lafiya, sannan ta ce, "Da Luba ta Bakura, Allah ya ba ta miji nagari." Muka ce amin. Kaka ta rasu da daɗewa, Luba kuma rabona da labarinta tun muna 'yan mata. Yanzu ni ke ja a gidana, kuma sunan yana nan a gurbinsa. Addu'ar kawai na sauya, don na san zuwa yanzu jikoki take goyo.