Dakta Hamza da Kwalbar Surukinsa

Ina shagon gyaran waya a unguwar Harra, bayan la'asar, Inna ta kira ni. Ta ce, "Bashir, Hamza ya rasu." Na ce to. Na ƙarasa ɗaure wayar da ke hannuna, na miƙa wa mai ita, sannan na rufe shago. Ciwon zuciya ne, a wurin aikinsa. Har aka kai shi maƙabartar Baƙi'a ban yi hawaye ba, kuma har yau shiru.

Ɗan kawuna ne, taubashina, don haka ina da izinin tsokanarsa duk da ya girme ni nesa. A ɗakin gwaje-gwajen asibiti yake aiki. Ni kuwa ko a cikin taro "Likitan bayan gida" nake kiransa. Sai ya ce, "Allah ya shirye ka, ɗan allo."

Bara mutane suka kwanta da amai da gudawa bayan wata walima da Inna ta yi wa girki. Baladiyya, wato hukumar gari, ta rufe mata kicin. Mata suka daina sallama a gidanmu. Inna ta daina fita ko masallaci.

Hamza bai ce ba laifinta ba ne. Abin da ya ce shi ne, "Ƙwayar cuta ma tana da nasaba. Sai mun karanta tukuna." Ya bayyana min cewa kowace ƙwaya da rubutunta a ciki, suna gwada na wannan majinyaci da na wancan harafi-harafi, yadda malaminmu ke duba allo.

Sai ya ji surukinsa, Alhaji Ɗahiru na Uhudu, shi ma yana kwance da irin ciwon, alhali bai je walimar ba, bai ci ko loma ba. Ya ce dole a gwada bayan gidansa. Ga shi Hamza bai taɓa ɗaga ido ya kalli tsohon nan ba. Na ce, "Kai, surukinka za ka roƙa wannan abin? Wallahi sai na raka ka kallo."

Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa, ya gaida shi. Ya ajiye 'yar kwalba a gefen darduma, kansa a ƙasa. "Baba, a yi haƙuri. Mutuncin gwaggona ne." Alhaji ya juya fuska bango. Can ya ce, "Bar ta nan."

Rubutun ya zo iri ɗaya da na 'yan walima. Aka bi sawun ƙwayar har kan ɗahina, niƙaƙƙen riɗin da Alhaji ke zubawa a wakensa na safe, irin wadda Inna ta saya a rufe. Aka kwashe ta daga shaguna, aka buɗe kicin.

Jiya Inna ce ta dafa abincin zaman makoki, kowa ya ci. Na zauna gefen Alhaji Ɗahiru.

Allah ya jiƙan Hamza, ya yalwata kabarinsa, ya yafe min bakina a kansa. Allah ya ba matarsa Maryam da 'ya'yanta haƙuri, ya raya su.