Mai Makulli da Akwati Mai Magana

Gareji muke kiran wurin, don a da garejin wani bakanike ne, har yanzu ma in rana ta yi zafi ƙasan na tashi da warin baƙin mai. Yanzu dogayen tebura ne a ciki, da wayoyi ko'ina, da kwalaye cike da matattun rediyo da caja da mutane ke jibge mana don mu ciri abin da ke da sauran rai. Duk Asabar da yamma ake cika. Akwai tela mai son ɗinka rigar da ke walƙiya, akwai ɗalibai, akwai wani likitan haƙori da ya daɗe yana haɗa 'yar mota mai bin layi, ita kuwa ta rantse ba za ta bi ba. Ni a kantin magani nake aiki. Abin da ya kai ni Gareji na'ura ce da za ta riƙa ba shukokina ruwa, kuma don Allah kada a tambaye ni shuka nawa na kashe da ambaliya.

Dogo ne ke riƙe da wurin, mai sa wa mutane sola a gidaje. Shi ya rubuta da fenti a bango, manya-manya: BABU ABIN DA BA YA GYARUWA. Shi kuma ya rataye wani tsohon ƙarfen taya a bakin ƙofa, da sifana a gefe. Al'adarmu ita ce duk wanda abinsa ya yi aiki, sai ya je ya kwaɗa wa ƙarfen nan sifana, kowa ya ajiye abin da yake yi a yi masa tafi. Doka ɗaya ce tak: za a nuna maka, za a riƙe maka fitila, amma ba mai karɓe ƙarfen dalma na liƙa waya daga hannunka ya yi maka aikinka.

Ranar da Baba Mai Makulli ya fara zuwa, bai ma shigo ba. Tsayawa ya yi yana jujjuya kwaɗon ƙofarmu.

"Wa ya sa muku wannan?" in ji shi. "Ai ko akuya ta buɗe shi."

Dogo ya yi dariya ya ce ya shigo. Gajeren dattijo ne, gashinsa fari fat, babban yatsansa ya baje saboda riƙon zarto. Ɗan shagonsa na bakin titi, a matse tsakanin mai gyaran takalmi da mai shayi. Tun yana saurayi yake yanka makulli a nan. Ya buɗe wa amare akwatunan da suka ɓatar da makullansu, ya buɗe wa magada ɗakunan mamata, kuma ya ce bai taɓa leƙa abin da ke ciki ba. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, tana aure a wani gari mai nisa. Shi da matarsa suna ɗaki biyu a ƙarshen wani lungu da ya ɓulle kan babban titi.

Sai da ya gama zagaya teburan, ya taɓa wannan ya taɓa wancan, sannan ya zauna kusa da ni ya faɗi abin da ya kawo shi, idonsa a kan hannuwansa.

"Mutuniyar tawa ce. Kanta ya fara tafiya. In na fita shago sai ta buɗe ƙofa ta kama hanya, wai nemana take. Shekaranjiya a tsakiyar titi mai shayi ya tsinto ta, ƙafa ba takalmi. 'Yarmu ta ce in aka sake, zuwa za ta yi ta ɗauke uwarta. Kuma ba ta yi laifi ba. Amma ni in aka ɗauke ta, me na zauna yi?"

Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "To Baba, kai da ke sana'ar makulli? Ka kulle mana."

Ya dube ni kallon da ya sa na ji kunya har cikin ƙashina.

"Na kulle, 'yata. Sau ɗaya. Na dawo na tarar ta daki ƙofar har hannunta ya fashe. Na kulle wa duk garin nan ƙofofi, amma wannan ba zan ƙara ba. Abu ɗaya na lura: in ta ji muryata tana tsayawa. An ce ku nan kuna sa ƙarfe ya yi magana."

Kai, ka ga yadda Gareji ya ɗauki zafi! Kowa ya watsar da nasa. Dogo ya zana abin a bayan kwali: maganaɗisu a jikin ƙofa, ɗan maɓalli a jikin bango, in an buɗe ƙofa su rabu, sai ƙaramin allon lantarki a cikin akwati ya kunna murya ta lasifika. Likitan haƙori ya cire lasifika daga motarsa mai taurin kai ya bayar. Tela ta ce ita za ta ɗinka wa akwatin riga don kada ya tsorata tsohuwa. Baba ya ji dokar gida ya ce ta yi masa daidai. Ya riƙe ƙarfen dalma kamar zarto, ya ƙona yatsa, ya ɗiga dalma a wando, ya haɗa jar waya inda baƙa za ta shiga har wani abu ya yi fus da hayaƙi. Na riƙe masa fitila ina cizon leɓe, hannuna na ƙaiƙayi in fizge in gama masa. Asabar bayan Asabar haka muka yi, yana barin matar wajen maƙwabciya.

Ranar ɗaukar murya kuwa mun sha dariya. Aka miƙa masa makirfo, ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce da ƙarfi, "Ana sanar da ke cewa ki koma ciki."

Na ce, "Haba Baba! Da matarka kake magana ko cigiyar tunkiya kake yi a rediyo?"

Ya sake, ya sake, duk a sandare. Can sai ya rufe ido, ya sassauta murya, ya ce, "Ke, ina kuma za ki? Koma ki zauna, ina nan tafe."

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Dogo ya danna maɓallin ajiyewa ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba.

Akwatin ya yi aiki. Asabar ta gaba Baba ya shigo da saurinsa, bai ko yi sallama da kyau ba, ya ɗauki sifana ya kwaɗa wa ƙarfen taya har kunnuwanmu suka yi kuka. Ya ce maƙwabciya ta gani da idonta: tsohuwa ta buɗe ƙofa, akwati ya yi magana, ta ce "To," ta koma ta zauna. Muka yi tafi kamar hannuwanmu za su tsinke. Baba ya canza mana kwaɗon ƙofa kyauta, ya yanka wa kowa makulli. 'Yarsa ta buga waya ta ce to, a bar Inna a ɗakinta. Wallahi ranar na yarda da rubutun bangon Dogo.

Daga nan ya ɗauke ƙafa na wani lokaci. Muka ɗauka lafiya ce ta ɓoye shi. Da ya dawo, ya rame, kuma bai zo da akwatin ba.

Dogo ya ce, "Batir ne ya mutu, Baba?"

"Ina fa. Lafiyarsa lau. Ba ta ƙara taka titi ba. Kujera ta ja ta ajiye a bakin ƙofa. Nan take yini. Ta buɗe, ya yi magana, ta amsa masa, ta rufe. Ta sake buɗewa. Tana ba shi labari, tana yi masa faɗa ya daɗe bai dawo ba. Ni kuwa in na shigo da yamma sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, 'Malam, maigidan ba ya nan.' In na yi magana tana kallona, ba ta jin muryar, tsoho kawai take gani. Mijinta ba shi da furfura. Abinci ma in daga hannuna ne ba ta karɓa."

Sai ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ku da kuka iya, ku gyara mini shi yadda za ta gane ni ne."

Mutanen Gareji ba su iya cewa ba mu sani ba, sai aka hau kawo dabaru. Aka liƙa hotonsa na yanzu a jikin akwatin. Tsohuwa ta ɓare shi ta jefar. Aka liƙa na samartakarsa gefe da gefe da na yanzu, ta ajiye na saurayin a ƙarƙashin matashi, ta ba maƙwabciya ɗayan ta ce wani ya manta. Likitan haƙori ya ce Baba ya rataya akwatin a ƙirji ya shigo da shi yana magana, ko za ta haɗa murya da fuska. Wannan ce ta fi muni. Ihu ta yi ta tara lungu, wai ɓarawo ya sace mata miji, ta yakushe shi a wuya. Ya zo da tabon, yana ja wa riga wuya don ya ɓoye.

Ranar na tashi na tsaya gaban rubutun bangon na ce wa Dogo, "Ka goge wannan ƙaryar, ko in goge ta da kaina." Ni ɗin ma ba haushin Dogo nake ji ba. Haushin komai nake ji. A kantinmu kwalabe sun cika kanta har sama, na san sunan kowace, kuma na san babu ɗaya da zan miƙa wa bawan Allah nan. Ga mu mutum cike da ɗaki, ga mita, ga dalma, ga ilimi, mun zauna muna kallon dattijo kamar kaji a ruwan sama.

Baba ne da kansa ya kawo magana ta ƙarshe. Ya ce, "Tun da ba za ta ci abinci ba sai akwatin ya ce ta ci, ku ja mini waya daga akwatin zuwa kicin. Ku sa mini abin maganar nan a can. In ba za ta gane ni ba, aƙalla in riƙa amsa mata."

Aiki ne mai sauƙi, abin da ɗalibi zai gama kafin shayi ya huce. Shi ya liƙa wayoyin da hannunsa, bai ƙona komai ba. Ni da Dogo muka bi shi gida da rana don mu ja wayar ta bango.

Ɗaki ne tsaf. Gado da shimfiɗa a gyare, tsohon keken ɗinki an lulluɓe shi, labule mai furanni tsakanin ɗaki da kicin. Inna na zaune a kujerarta a bakin ƙofa, 'yar siririya, ta ɗora hannu a kan akwatin da ke sanye da rigar da tela ta ɗinka. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta tambaye ni mutanen gida. Baba ya wuce ta gabanta da kwanon abinci, ya ajiye a ɗan tebur. Ta kau da kai ta ja mayafi.

Muka ja waya ta bayan gado, muka bi gindin bango, muka shige ƙarƙashin labule. Baba ya zauna a kan wata 'yar kujera tsakanin murhu da bokitin ruwa, ya riƙe makirfo da hannu biyu. Tsakaninsa da ita bai fi taku kaɗan ba, labule ne kawai. Dogo ya ɗaga masa yatsa.

"Ke," in ji Baba a hankali, muryar ta fito ta akwatin. "Kina nan?"

Fuskar tsohuwar nan ta buɗe gaba ɗaya. Ta matso da kujera.

"Maigida! Yau ka yi sabuwar magana. Ina ka shiga haka?"

"Ina shago. Aiki ne ya yi yawa."

"Kullum aiki." Ta rage murya, ta kai baki kusa da akwatin. "Ka ji, akwai wani tsoho da ke shigo mini ɗaki kullum. Har kwana yake a kicin. Ni tsoronsa nake ji. Ka zo ka kore shi."

Daga inda nake tsaye ina ganin su duka biyun, ita ta wannan gefen labule, shi ta wancan. Na ce a raina yanzu zai yaye labulen nan ya ce ni ne, ni ne fa, kuma da ya yi da ban ga laifinsa ba. Ya goge fuska da hannun riga.

"Ki ƙyale shi," ya ce. "Ni na aiko shi. Ba shi da kowa ne. Ki ci abin da ya kawo miki."

"To, tun da kai ka ce." Ta jawo kwanon ta buɗe, ta kai loma ɗaya, ta tauna a hankali. Sannan ta ɗago. "Amma yaushe za ka dawo?"

Dogo ya fice waje, na ji takunsa a lungu. Ni na tsaya a wurin, hawaye na zuba ban ko share ba.

Baba ya matso da makirfon bakinsa.

"Ci abincinki," in ji shi. "Ina nan tafe."